Fitilun da Jiddah Ta Bari a Kunne

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Sun riƙe Jiddah a asibiti. Awo kawai muka je da safe, ko jaka ba mu ɗauka ba. Likitar ta ɗaura mata abin gwajin tansiyo, wato hawan jini, a hannu, ta cire, ta sake ɗaurawa, daga nan ta daina yi mana fara'a. Ta ce sai ta kwanta a wajensu zuwa wani lokaci, ni kuma ban tambayi wane lokaci ba. Yaya Fatu, yayarta, ta taso daga unguwar Cité Verte za ta zauna da ita.

Matata ce, na san halinta, amma yau ma sai da ta ba ni mamaki. Ana neman jijiya a hannunta, ita kuwa ta juyo tana ce min, "Malam Tela, kwalabena." Ba ta yi zancen kayan sawa ba, balle abinci.

Kwalaben suna ɗakinta, a kan kanta mai hawa uku. Koren ruwa ne a ciki. Gansakuka ce, amma irin ƙananan nan da ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Daga wani tafki na wajen Ngaoundéré ta ɗebo, ta yi watanni tana tacewa har ta ware irin da take so. Hawa na sama jar fitila ce ke haska shi, na tsakiya bulu, na ƙasa fara. So take ta gano wane haske ne ke sa su yawa, wane ne kuma ke sa su tara mai a jikinsu, man da ta ce ana iya mayar da shi gazuwal mota ta sha. A kan wannan za a ba ta digirinta na biyu. Ta toshe taga da kwali don kada rana ta sa baki, akwai kuma ɗan famfo da ke hura musu iska, yana ɓul-ɓul dare da rana. Da can a labo, ɗakin gwajin jami'a, suke, amma da hawan tudun zuwa can ya fara yi mata nauyi sai farfesanta ya yarda ta kwaso su gida. Ɗan irin da ta bari a can ya gurɓace tun watan jiya, saboda haka waɗannan ne kaɗai suka rage mata.

Aikina shi ne in kunna da shida na safe, in kashe da shida na yamma, in girgiza kowace kwalba, in tura mata hoto, in rubuta launin ruwan. Launi kawai ta ce in rubuta, hannuna ne ya zarce. Ni da na tashi Inna tana sa ni kankare gansakuka a bakin rijiya, yau ga ni mai renonta.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Ban kashe ba.

Na shiga ɗakin ana kiran salla, na kai hannu ga makunnin, sai na ji Inna a bayana. Mahaifiyata ta daina sauri tun da gwiwa ta fara damunta, amma yau ban san lokacin da ta tsallako tsakar gida ba.

"Gaffaru, me za ka yi?"

"Kashewa zan yi, Inna. Ita ta ce."

"Wa ya kunna su?"

"Ita, da safe kafin mu fita."

"To sauke hannunka."

Na san maganar, ban dai taɓa zaton za ta biyo har wutar lantarki ba. Kakannin Inna fataken goro ne. A gidansu idan mutum zai yi tafiya, shi yake kunna fitila da hannunsa a ɗakinsa kafin ya fita, waɗanda ya bari su yi ta ƙara mata mai dare da rana har ya dawo ya hure ta da bakinsa. Ba mai kashe ta sai in labari ya zo cewa ba zai dawo ba. Malamai sun sha faɗa mata abin ba shi da asali a addini. Inna ta yarda ba shi da asali, ta kuma ci gaba da abinta.

Na ce ai Jiddah ba fatauci ta tafi ba, asibitin nan ne na wajen Messa, taksi ɗaya ake hawa. Inna ta ce, "Yau a gida za ta kwana?" Na ce wannan aikin boko ne, a aune yake. Ta ce nata ma a aune yake tun kafin a haifi mai bokon. Na fita salla na bar su a kunne, kuma gaskiya ban ji haushi ba.

Talata, da azahar

Ɗinkin babbar salla ya fara shigowa. Kowa ya ajiye shaddarsa sai ya ce tasa za a fara yankawa, ni kuma in ce masa tasa ce ta farko, haka na faɗa wa mutum huɗu yau. Ina son wannan lokacin na shekara. Keke yana kuka, lungu ya cika da masu wucewa, mutum ba ya samun sararin tunani.

Na leƙa asibiti da hantsi. Ƙafafunta sun kumbura, Yaya Fatu ta rufe su da zane da ta ga ina kallo. Jiddah ta ce, "Ka kashe jiya?" Na ce, "Komai lafiya lau." Ba ƙarya na yi ba, komai lafiya lau yake.

Laraba, bayan asuba

Tansiyo bai sauka ba. Ruwan kore shar. Ban kashe ba.

Juma'a, 9 ga wata, bayan an sauko masallaci

Gidanmu ya zama wajen kallo. Da yamma hasken ja da na bulu suna haɗuwa su fito ta ƙarƙashin ƙofa, su zuba a tsakar gida, wani launi mai kama da lalle da bai gama kamawa ba. Matan maƙwabta suna shigowa gaishe da Inna da mai jiki, amma idonsu yana kan ƙofar. Ɗaya ta tambaya ko magani ne. Inna ta ce mata man mota ne, da wata irin murya kamar ita ta ƙirƙiro shi. Wannan ita ce Innar da watannin baya take cewa surukarta ta je jami'a ta koyo kiwon ruwan kwata.

Ta ɗauke dardumarta daga ɗakinta ta dawo da ita bakin ƙofar Jiddah. A nan take lazimi, a nan take tsintar shinkafa. Jiya na ji tana yi wa kwalaben magana a hankali, da ta gan ni sai ta ce da kaji take.

Garga mai tsire, abokina tun muna makarantar allo, ya shigo ya gani. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce idan an tatsi man a ɗan sammasa cokali ɗaya ya gwada a kan nama, in ya yi daɗi ba sai an wahalar da mota ba. Ya bar min ƙunshin tsire na kai wa Yaya Fatu, don an hana Jiddah gishiri. Ta kalle mu muna ci ta ce Allah Ya isa, mu duka muka yi dariya har ma'aikaciya ta leƙo.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne ruwan ya ƙara kauri. Na ƙarƙashin jar fitila ya yi duhu kamar miyar kuka. Jiddah ta ga hoton ta ce madalla. Na dawo ina tunanin wataƙila ma tsarin Inna ya fi na farfesa, tunda mai cin abinci dare da rana dole ya yi ƙiba.

Asabar, bayan la'asar

An tafka ruwa, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a duk unguwa. Na baro shago a guje, na tarar batirin da Jiddah ta haɗa ya riƙe fitilun. Na tambayi Inna, to da batirin ya ƙare fa? Ta ce wannan ba hannunmu ba ne, ba ruwanmu. Ashe dokar tata ma tana da ƙofar baya, sai dai kuran ya dawo kafin mu kai gare ta.

Litinin, 12 ga wata, da hantsi

Likitar ta kira ni gefe. Ta yi magana da Faransanci da sauri-sauri, irin wanda suke yi in ba sa son a tsaya tambaya. Na gane duka. Da ma ban gane ba.

Ta ce kowane mako da aka samu riba ce. Na dawo na yanka wuyan riga biyu, duka sun fita daidai.

Laraba, bayan azahar

Na hawan tsakiya, mai bulun fitila, ya fara canzawa. Koren ya koɗe, kamar atamfar da ta sha wanki, ga wani rawaya-rawaya a gindin kwalaben. Na girgiza, na sake girgizawa. Na ja da na fari suna nan da ɗan dama.

Na ɗauki hoton daga gefe, inda hasken ja yake faɗowa a kai. Ban ji daɗin kaina ba da na tura.

Alhamis, 15 ga wata, bayan magariba

Ta kama ni. Da na shiga ban ko zauna ba ta miƙo min wayarta, ta buɗe hoton jiya ta faɗaɗa shi da yatsu biyu.

"Malam Tela, dubi idona. Ƙarfe nawa kake kashewa?"

Na dubi Yaya Fatu ko za ta cece ni, ita kuwa ta ɗauki buta ta fita. Sai na faɗa mata komai, da Inna da fataken goro da dardumar bakin ƙofa.

Na ɗauka za ta juya Faransanci, don in ranta ya ɓaci can take komawa. Sai kawai ta juya fuska bango. Da ta juyo idonta ya yi ja amma tana murmushi.

"Inna ce ta ce kada a kashe? Saboda ni?"

"Saboda ke."

"Ni da na ɗauka har yanzu kallon 'yar boko take min." Ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta koma malamar da na sani. Ta ce sha biyu haske, sha biyu duhu, duz-duz kamar yadda suke faɗa da Faransanci, a kan haka ta gina aikin gaba ɗaya. Irin nata ba ya jure haske ba hutu. Da farko zai yi kamar yana jin daɗi, daga baya ya gaji ya ƙone, kuma na bulu ne zai fara tafiya don haskensa ya fi ƙarfi a jikinsu. Na bulun nan kuwa shi ne zuciyar aikin, a nan take sa ran man ya fi taruwa. Kwanakin da suka wuce sun riga sun ɓata lissafi, amma in irin yana raye za ta iya sake farawa. In ya mutu, shekara biyu sun tafi.

Na ce zan yi wa Inna magana. Ta ce, "Kada ka ɓata mata rai." Na ce to in kashe? Ta ce, "Kada ka bar su su mutu." Na fito da umarni biyu a hannu, kowanne yana cin ɗan'uwansa. Ma'aikaciya ta zo gwaji ina bakin ƙofa, na ji lambar da ta faɗa, na yi kamar ban ji ba.

Juma'a, da hantsi

Dabara ta zo min ina kan keke. Inna ta ce kada a kashe fitila, ba ta ce dole kwalba ta ga fitila ba. Jiddah duhu take so wa kwalba, ba ruwanta da ɗaki. To me ya rage? A ɗinka wa kwalabe riga.

Na tafi kasuwar Mokolo na sayo baƙin yadi mai kauri, irin wanda ake wandon 'yan makaranta da shi. Na ajiye shaddar mutane gefe, na auna kwalba ɗaya, na yanka, na ninka biyu, na bar ɗan wuya a sama inda robar iska za ta wuce, na sa zariya. Sha biyu na ɗinka, kowace da kalmasarta, don ko kwalba ce ba za ta fita daga shagona da bakin zare a waje ba. Garga ya leƙo ya ga na jera su a kan tebur, ya buɗe baki zai yi tsokana, sai ya kalli girmansu ya rufe bakin. Ni ma sai a lokacin na lura da girman, daidai rigar jariri. Na tattara su cikin leda da sauri.

Juma'ar dai, bayan magariba

Na sanya musu. Fitilu suna ci, kwalabe suna barci, kowa ya samu nasa. Inna ta zagaya kantar da sandarta, ta taɓa zariyar ɗaya ta ce, "Wayo dai kamar na ubanka." Daga bakin Inna wannan lambar yabo ce. Na tura wa Jiddah hoto, ta turo dariya, ta ce in riƙa duba ma'aunin zafin da ke rataye a jikin kantar.

Na ci tuwo na ƙara. Rabon da in ji daɗin abinci haka tun ranar da muka je awo.

Lahadi, bayan la'asar

Tufatarwa da yamma, tuɓewa da safe. Hannuna ya saba har ina yi ina waƙa. Inna ce ke ninke rigunan in na cire, ta jera su a kan gadon Jiddah.

Yau an bar ta ta zauna a kujera. Mun yi hira mai tsawo, ta ba ni labarin ranar da ta shiga tafkin nan har gwiwa da bokiti, makiyaya suna tsaye suna kallonta, ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa da Fulatanci a ƙyale ta, ba ta da lafiya. Ta ce wata rana taksin Yaoundé za su sha man da aka noma a kwalba, ba gona aka ƙwace ba, ba abincin kowa aka taɓa ba. Na ce in dai direbobin za su rage kuɗin mota na yarda. Ina son matar nan, ban san ko na taɓa rubuta haka a wani waje ba.

Litinin, 19 ga wata, bayan asuba

Na cire rigunan na ji kwalaben da ɗumi a tafin hannuna. Baƙin yadi yana shan zafin fitila duk dare, ɗaki kuma a toshe. Ma'aunin ya haura inda Jiddah ta ja jan layi. Kwalba biyu na bulu sun yi fari, wani abu kamar dusa ya kwanta a ƙasa, kuma akwai wari. Biyu suka rage, su ma da ƙyar ake ganin kore.

Na faɗa mata gaskiya wannan karon. Ta ce in daina sa rigunan, sun fi hasken illa. Ba ta ce komai a kan kashewa ba. Na ninke su na kai shago na cusa a ƙarƙashin tebur.

Talata, ranar hutun ƙasa, bayan la'asar

Gari ya tafi kallon fareti, Inna ta ce in kai ta asibiti. Tun da aka kwantar da Jiddah ba ta je ba saboda gwiwa da matakala. Ta sa mayafinta na zuwa biki, ta dafa farfesun kaza ba gishiri, muka samu taksi da ƙyar.

Jiddah ta yi ƙoƙarin tashi ta gaishe ta, Inna ta danna kafaɗarta ta ce ta kwanta. Suka gaisa, suka yi zancen ruwan sama da tsadar tumatir. Sai Inna da kanta ta ɗauko maganar.

"'Yar nan, an ce tsirranki ba su da lafiya."

"Barci suke so, Inna."

"Abin da ba shi da ido, me zai yi da barci?"

Jiddah ta gyara kwanciya. "Da rana abinci suke tarawa, Inna. Amma sai duhu ya yi suke rabuwa, ɗaya ta zama biyu. A duhu suke haihuwa."

Makonni ke nan ba wanda ya furta kalmar nan a gabanta, ko ni, ko Yaya Fatu, ko a gida. Ita ma sai da ta fita daga bakinta ta ji ta. Yaya Fatu ta hau gyara kwanukan da ba su buƙatar gyara.

Inna ta daɗe tana kallon hannun Jiddah mai robar ruwa. Ta ce, "Ki dawo ki kashe abinki da kanki. Shi ne kawai nake so." Jiddah ta ce, "In sha Allahu, Inna."

Laraba, bayan magariba

Tansiyo ya ƙara hawa. Na bulu saura ɗaya da rabi, in ana lissafa rabi. Ban kashe ba. Yanzu ko Inna ba ta nan ba na jin zan iya.

Alhamis, 22 ga wata, da la'asar

Ba za su ƙara jira ba, yau za su shiga da ita tiyata. An ba ni takarda na sa hannu. Ina rubuta wannan a kan benci.

An bar ni na gan ta kafin su zo. An cire mata 'yan kunne, fuskarta ta yi fayau. Ta ce in matso.

"Ba abin da za ka yi a nan sai zirga-zirga, Yaya tana nan. Ka je gida, shida ta yi ka kashe min."

"Jiddah, yau kuma? Bari sai gobe."

"Ba za su kai gobe ba. Ina so in farka in tarar da aikina yana nan." Ta riƙe min yatsa. "Ba mutuwa zan yi don ka danna makunni ba, Malam Tela. Ni na san haka, kai ma ka sani."

Na ce na sani. Na yi mata alkawari.

Alhamis, bayan isha'i

Su biyu sun tsira, uwa da 'ya. Mace ce, 'yar mitsitsiya, tana cikin kwalbar jarirai amma da kanta take numfashi. Jiddah ta buɗe ido. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 23 ga wata, da hantsi

Sai yanzu zan iya rubuta abin da ya faru jiya da magariba.

Na hau babur daga asibiti, na iso lungu hayaƙin masu tsire ya fara tashi, shaguna suna kunna wuta ɗaya bayan ɗaya. A lokacin sun riga sun shiga da ita, Yaya Fatu ta ce za ta kira in an fito. Na shiga ɗakin. Inna tana kan dardumarta a bakin ƙofa, na tsallake ta. Na tsaya gaban kantar na ɗora yatsa a kan makunnin.

Na yi karatu daidai gwargwado, na san fitila fitila ce. Na faɗa wa kaina haka, na maimaita maganar Jiddah, na yi bisimilla. Yatsan ya ƙi. Abin da kawai nake gani shi ne in danna, ɗakin ya yi duhu, wayar da ke aljihuna ta yi ƙara. Aka kira salla aka gama ina nan tsaye. Tsoro ne, ba wani abu ba, irin wanda ban taɓa ji ba tun da nake.

Sai na ji sandar Inna. Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango ta iso inda nake.

"Ita ta aiko ka?"

"Ita ce, Inna. Ta ce ba za su kai gobe ba."

"An fito da ita?"

"Tukuna."

Ta kalli kwalbar bulun da ta rage, ta kalle ni. Ban san me ta gani a fuskata ba. Ta ce, "Matsa." Na matsa. Ta ce, "Wanne ne?" Na nuna mata. Ta sa babban yatsanta, bakinta yana motsi, ta danna.

Ban taɓa sanin ɗakin nan yana da duhu haka ba. Ko hannuna ba na gani. Daga cikin duhun na ji muryarta, a kwance, kamar tana aikena kasuwa.

"Koma wajen matarka. Kai ba ka taɓa komai ba, ka ji ko? Ni na kashe. In alheri ne, na kowa ne. In kuma ɗayan ne, a hannuna yake. Fitilar ubanka ma ni na hure, ka ga kuma ban mutu ba. Kai ba za ka iya ɗauka ba."

Ina ɗan shekara shida mota ta faɗi da Baba a hanyar arewa. Na tuna mutane, na tuna tabarmi a ƙofar gida, amma ban taɓa tambayar wa ya shiga ɗakinsa a daren ba.

Na lalubi ƙofa na fita. Har yanzu ban san abin da ake ce wa mutum a kan irin wannan ba. Na yi salla a masallacin bakin titi na koma asibiti.

Da aka fito da su na kira ta na faɗa mata. Na ce Inna, su biyu, lafiya. Na ce Inna, kina ji na? Ba abin da nake ji a wayar sai ɓul-ɓul ɗin famfon nan, kusa sosai. A nan na gane tun da na bar ta ba ta fita daga ɗakin ba, tana zaune cikin duhun tana jiran kirana.